Tela da Konseye a Shekarar Korona

Mahaifina tela ne. Ya baro ƙauyensu kusa da Tibirin Gobir yana saurayi, ya zo Yamai da kan keken ɗinki a cikin buhu. Ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin wasu kafin ya samu nasa shagon a Banifandou. A ɗakunan bayan shagon aka haife mu, mu bakwai, ɗaya ya koma yana ƙarami. Ni ce ta uku. Ƙarar keke ke tashinmu kowace safiya, in rana ta ɗan ɗaga kuma sai mu ji muryar Konseye.

Konseye Bazabarme ne, haifaffen Yamai, tsohon ma'aikacin gidan waya. Sau ɗaya tak aka zaɓe shi ɗan majalisar gunduma, ya yi wa'adinsa, aka kayar da shi a zaɓe na gaba, amma sunan kujerar ya manne masa har yau. Da ya tsufa ya koma gidan babban ɗansa a Kirkissoye, ƙetaren kogi. Wannan bai hana shi hawa tsohuwar mobilet ɗinsa, wato ƙaramin babur, kullum ba, ya haye gada, ya ratsa gari, ya zo ya zauna a bencin ƙofar shagonmu. Hausarsa ta kasuwa ce. Mace ya ce mata "shi", namiji ya ce masa "ita", kuma ko a jikinsa.

"Bagobiri, yau ma da yunwa ka kwana?" Haka yake sallama.

"Bazabarme, wa ya kwance ka da sassafe?" in ji Baba, ko ɗago kai daga ɗinki ba ya yi.

Wasan da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa ya ba su lasisin faɗa wa juna abin da ba a faɗa wa kowa. Su kuwa suka ɗora siyasa a kai. Ba su taɓa zama jam'iyya ɗaya ba. Baba, a iya sanina, bai taɓa zaɓen wanda ya ci ba, kuma yana alfahari da hakan. Konseye kuwa ya ɗanɗana kujera, don haka yana jin tausayin duk wanda ke kanta.

Gardamarsu mafi tsufa ita ce ta haraji. Duk shekara in ma'aikatan magajin gari suka zo karɓar patanti, harajin shago, wasu maƙwabta kan ja ƙofa su ɓace. Baba ba ya gudu. Zai biya, ya karɓi takardarsa, sannan ya riƙe hannun mai karɓar ya kai shi bakin kududdufin da ke taruwa gaban shagon duk damina, ya nuna masa.

"Ka gaya wa mai gidanka na biya. Ga aikinsa nan yana jiran sa."

Konseye sai ya girgiza kai daga kan benci. "Abin da kuke biya ko man motar kwasar shara ba ya saye. Ni na zauna a majalisa, na gani da idona. Famfon da matarka ke ɗiban ruwa, Nasara suka haƙa shi. Lakwal ɗin da yaranka suka yi karatu, rufinta kyauta ce daga waje."

"To ai ciwon ke nan," in ji Baba. "Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A matsa wa manyan 'yan kasuwa su biya nasu kamar yadda nake biyan nawa, ka ga ko za mu roƙi wani."

"Mai ƙishirwa ba ya tambayar wa ya haƙa rijiya, Bagobiri."

Haka za su yi ta yi har a kira azahar, su tafi masallaci tare, su dawo su ci tuwon Inna a kwano ɗaya.

Na girma ina jin wannan, na yi karatun aikin jinya, aka tura ni ƙaramin asibitin wata unguwa a Lamordé, ita ma ƙetaren kogi. Ina shekara ta huɗu a aiki korona ta shigo.

Abin da na fi tunawa da watannin farko shi ne shirun shagon. An dakatar da bukukuwa, ba mai kawo ɗinkin aure ko na suna. An rufe masallatai na wani lokaci, abin da ya taɓa Baba fiye da rashin aiki. Ya zauna kwana biyu yana kallon keke, a rana ta uku ya zazzage buhun ƙyallayen atamfa da ya tara shekaru, ya fara ɗinka takunkumi. Shi kansa bai yarda da cutar sosai ba, yana cewa murar masu hawa jirgi ce, amma takunkumin nasa ya fi na kowa kyau, ninki biyu, da igiya mai laushi. Konseye ke cika jakarsa da su ya kai wa mutanen ƙetaren gada. Ya daina ba da hannu, sai dai ya dafa ƙirji daga nesa, Baba kuwa ya ce dama can hannun Bazabarme ba abin marmari ba ne.

Akwai rediyo rataye da ƙusa a saman teburin yanka. Da labarin allurar rigakafi ya fara zuwa, rediyon nan bai ƙara hutawa ba. Yau minista ya fito ya ce ƙasashe abokan arziki sun turo mana allura kyauta, kowa ya je a yi masa. Gobe wani ɗan adawa ya ce a tambayi gwamnati me ta sa wa hannu kafin a ba ta. Wani ya ce kuɗin da ake kashewa wajen tallar allurar da an sayi gero da shi. A unguwa kuma ana raɗe-raɗin cewa tana hana haihuwa.

Cikin masu maganar akwai wani depite, wato ɗan majalisar dokoki, na jam'iyyar da Baba ke so. Mutum ne mai daɗin baki, kuma Baba ke masa ɗinki tun bai zama kowa ba. Ya ce a rediyo, duk kyautar da aka kawo da gaggawa a duba ta da kyau, kada a mai da talakan Nijar abin gwaji, shi dai ba zai miƙa hannunsa ba sai ya ga ƙarshen abin. Baba ya tsayar da keke ya saurara har ƙarshe, sannan ya dubi Konseye.

"Ka ji namiji."

"Na ji mai neman ƙuri'a," in ji Konseye.

A cikin makon ne majo, shugabar ma'aikatan jinyarmu, ta sa ni cikin masu yin allurar. Aka fara da mu ma'aikata. Na yini da ciwon hannu da ɗan zazzaɓi, washegari na koma aiki. Sai dai abin ya tsaya mini a rai: ina zaune ƙarƙashin rumfa ina lallashin iyayen wasu, nawa uban ya ƙi.

Ranar hutuna na je gida, na same shi shi kaɗai yana yanka shadda. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, har ya ajiye almakashi.

"Faɗi abin da ya kawo ki, ɗiyata."

Na faɗa. Na yi masa bayanin da nake yi wa mutane, na ce shekarunsa sun ja, na ce maganar hana haihuwa ƙarya ce.

Ya yi dariya. "Ni da haihuwa kuma? Wannan zancen mata ne a bakin famfo, ban ɗauke shi ba." Sai fuskarsa ta canza. "Kin tuna ƙanenki?"

Na tuna. Zazzaɓin sauro ya ɗauke shi yana shekara uku, ina aji biyu a lakwal.

"Na ɗauke shi a kafaɗa na zaga gari ina neman magani. Kowace damina cutar nan tana kwasar mana yara. Wa ya taɓa tashin jirgi cikin gaggawa saboda su? Yanzu da ciwo ya shiga gidajensu, an tuna da mu, har ana roƙonmu. Ban ce guba ba ce. Ina tambaya ne, me ya sa yanzu?"

Ina da amsoshi na makaranta. Ina iya cewa ana raba gidan sauro, ana ba yara maganin rigakafi da damina, kuma da yawansu daga wajen suke zuwa. Amma ba wannan yake tambaya ba, kuma na sani. Na ɗauki allura da zare na taya shi sa maɓallai.

Konseye ne ya fara zuwa. Ya iso rumfarmu da babbar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya tsaya gaban masu jira ya yi musu jawabi da Zabarmanci, ya maimaita da Hausa, cewa shugaba shi ke shiga ruwa kafin jama'a. Mata suna ta dariya. Da layi ya zo kansa ya zauna, na naɗe masa hannun riga, sai na ga goshinsa ya jiƙe da gumi.

"Baba Konseye, lafiya?"

"Ɗiyata," ya ce ƙasa-ƙasa, "tun ina yaro ban son allura. Kada ka gaya wa Bagobiri."

Ya runtse ido, ya kama salati da ƙarfi. Na gama, na manna auduga, yana nan yana salati. Sai da na taɓa shi na ce an gama. Ya buɗe ido ɗaya, ya duba hannun, ya miƙe ya gyara hula, ya ce wa jama'a ko cizon sauro ya fi wannan zafi.

Washegari bencin shagonmu ya wayi gari ba kowa. Har azahar ba mobilet. Ɗansa ya bugo waya ya ce zazzaɓi ya kwantar da tsohon. Inna ta ba ni labari cewa Baba ya rufe shago, abin da ba ya yi sai ranar salla, ya sa ta dama fura, ya tari taksi zuwa Kirkissoye. Da na tashi aiki na biya, na same su a zaure. Konseye na kwance a tabarma ya lulluɓa da bargo, Baba na zaune a gefensa yana yi masa fifita da hula, yana zuba masa faɗa.

"Na gaya maka. Tsoho da kai, da ciwon suga, ka kai kanka. In ka mutu wa zan riƙa zagi?"

"Ba zan mutu ba sai na ga ka zaɓi wanda ya ci," in ji Konseye daga cikin bargo.

Na auna shi, na ce zazzaɓin allura ne, zai wuce. Baba ya harare ni kamar ni na kwantar da abokinsa, kuma gaskiya ni ce. Bai tafi ba sai da ya ga Konseye ya shanye furar. Kwana biyu bayan haka mobilet ta dawo.

Aka ɗan jima, azumi ya gabato, ɗinki ya fara dawowa. Wata Asabar ina shagon, Konseye na kan bencinsa, sai ga wata babbar mota ta tsaya. Depiten nan ne. Ya shigo da fara'arsa, ya gaida Baba da girmamawa, ya ajiye shadda kala uku, ya ce tafiya ce ta taso masa zuwa waje, yana son a sake auna shi don ya ƙara jiki.

Baba ya ji daɗi ƙwarai. Ya sa aka kawo ruwa, ya ce masa maganarsa ta rediyo ta shiga zuciyar talakawa. Ya zaro metir daga wuyansa, ya auna kafaɗa, ya auna tsawo. Da ya zo kan damtsen hagu ya zagaya metir ya ɗan matse, sai mutumin ya zabura ya ce "wash", ya janye hannu.

Ni na gane nan take, don na ga irin wannan zaburar fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Baba ma bai daɗe ba ya gane. Ya tsaya da metir a hannu yana kallon sa.

"Ranka ya daɗe, ciwo ne a hannun?"

Depite ya dube ni, ya dubi Konseye, ya yi 'yar dariya. Bai yi ƙarya ba, wannan kam zan shaide shi. Ya ce shekaranjiya aka yi masa, ba a shiga jirgi sai da takardar allura, kuma likitansa ya matsa masa saboda hawan jini.

"Amma a rediyo ka ce..."

"Baba, rediyo daban. Aikinmu ne mu tambayi gwamnati, in ba mu tambaya ba wa zai tambaya? Ban taɓa cewa kowa kada ya yi ba."

"Ka ce ba za ka miƙa hannunka ba."

Baba ya ƙarasa awon, a hankali, yana kauce wa damtsen. Ya rubuta a littafinsa, ya faɗi ranar da za a zo karɓa, ya raka shi har bakin mota kamar yadda ya saba. Da ya dawo ya zauna a keke, bai taka ba.

Na zuba ido in ga abin da Konseye zai yi, don an ba shi nama har da wuƙa. Shekara talatin yana jiran rana irin wannan. Sai ya miƙe, ya leƙa butar shayi, ya ce gawayin ya mutu, bari ya je ya samo wani. Ya fita ya daɗe. Da ya dawo zancen tsadar shinkafa ya kawo. Har yau ban ji ya tayar da maganar depiten ba, ko da wasa.

Baba ya ɗinka kayan nan uku da kyau kamar kullum. Rediyon dai ya yi kwanaki a kashe.

Bayan salla da kamar mako biyu, ina rumfa da safe ina cika takardu, abokiyar aikina ta taɓo ni. "Wancan ba babanki ba ne?" Na ɗaga kai. Yana can ƙarshen layi, cikin rana, da takunkumin atamfa na ɗinkinsa, ya riƙe katin ɗan ƙasa a hannu. Na tashi da sauri na ce ya zo gaba. Ya ƙi. Ya ce waɗannan sun riga shi zuwa, shi ba depite ba ne.

Sai da ya yi kusan awa guda kafin ya iso kujerata. Ya zauna, ya naɗe hannun rigarsa da kansa.

"Baba, me ya canza?"

"Ba abin da ya canza. Tambayata tana nan, ba wanda ya amsa mini ita." Ya gyara zama. "Na dai zauna na duba duk masu maganar nan. Minista yana da abin da yake nema, depite yana da abin da yake nema, Nasara ma haka. Ke kaɗai ce ban ga abin da za ki samu ba. Kuma kin sa an yi miki kafin ki yi wa kowa. In abin nan cuta ne, to na haifi mai cutar da mutane ke nan. Ni kuwa na san wadda na haifa. Yi aikinki."

Na yi. Bai ko motsa ba. Na rubuta masa katinsa ina ƙoƙarin kada hawaye ya ɗiga a kai. Ya karɓa, ya duba, ya ce rubutuna ya lalace tun da na bar lakwal. Daga nan bai koma Banifandou ba, Kirkissoye ya wuce, tun da ya riga ya haye gada. Ɗan Konseye ya gaya mini daga baya cewa sun yini suna musu a zaure: Baba na cewa da harajinsa aka biya ni albashin da na yi masa allurar, saboda haka ba kyautar kowa ya ci ba, Konseye na cewa ruwan da ke cikin kwalbar dai daga waje ya zo.

Shekaru kaɗan bayan haka mulki ya canza hannu, ƙasashen da ke ba mu taimako da yawa suka janye, aka rufe iyakoki na wani lokaci. Baba ya yi murna a farkon abin. Ya ce yanzu za a ga ko mu 'ya'ya ne, kowa ya biya harajinsa mu riƙe kanmu. Konseye ya ce Allah ya sa, amma shi ya san abin da ke cikin asusun.

Ba a daɗe ba maganin sugan Konseye ya yi wuya a gari. Na zaga inda na sani, na samu na wata ɗaya, daga nan shiru. Tsohon ya fara ramewa, ya daina hawa mobilet don jiri. Baba ya kira ni ya ce in rubuta masa sunan maganin da manyan baƙaƙe a takarda. Ya bi tashoshin mota da ƙafarsa, yana neman direbobin garinsu, yaran da ya yi wa iyayensu ɗinkin aure. Ya ba wannan takarda, ya ba wancan, ya ce duk inda suka gani, Maradi ko Konni ko gaba, su sayo. Cikin kwana goma wani direba ya kawo kwali biyu a naɗe cikin leda.

Tare muka kai masa. Konseye ya juya kwalin a hannunsa, ya sa tabarau, ya karanta ƙananan rubutun da ke gefe.

"Bagobiri, ka san wannan ma a waje aka yi shi?"

"Na sani," in ji Baba. "Sha dai. In ka samu ƙarfi ma yi maganar."

Ya sha. Baba ya tambaye ni sau nawa ake sha a rana, kafin abinci ko bayan abinci, ya sa na maimaita har ya haddace. Sannan ya juya ga surukar Konseye, wadda ke tsaye bakin ƙofa, ya ce daga yau ta rage wa tsohon nan sukari a shayi, in ya yi gardama ta bugo masa waya.